Irin da Lalla ta Rataye

Abarci ya riga ya ciro damin geron daga rufin ɗakin innarsa, ya yar da shi bakin turmi, kafin Azara maƙwabciyarsu ta leƙo ta kan darni.

Tun safe ya kasa zama. Ya tada babur ya tafi tasha neman fasinja, sai ya iske rediyon mai shayi na karanta gaisuwa: wai yau ranar uwaye mata ce, wani na gaida innarsa a Roumbou, wata na gaida tata a Mai Yara. Ya tsere kasuwar dabbobi, can ma kowa waya a kunne. Ya ɗauki wata tsohuwa, ya wuce ƙofar gidanta da ita bai sani ba. Sai ya juyo gida.

Lalla, innarsa, ko kwana arba'in ba ta yi da rasuwa ba. Zazzaɓi ya kwantar da ita cikin zafin bazara, tana kwance tana tambaya ko hadari ya haɗo a gabas. Ranar da ta cika yana hanyar Maraɗi. Ya dawo ya tarar an kai ta.

"Kai Abarci, me za ka yi da wannan?" in ji Azara.

Ya ce gumba zai sa a daka a raba sadaka. Kowa ya yi wa uwarsa wani abu yau, shi kuwa ko makararta bai taɓa ba.

Azara ta zagayo ta shigo, ta zaro zangarniya ɗaya ta ɗora masa a hannu.

"Duba tsawonta. Iri ne, ɗan nan, ba na ci ba. Lokacin kaka uwarka ta bi gonarku tana zaɓo su ɗaya-ɗaya, ina riƙe mata kwando, tana zagin gwiwoyinta."

Azara ta ce Lalla da bakinta ta gaya mata ta rataye shi can sama ne don ta san ɗanta: idonsa kullum na kan hanya, bai taɓa ɗaga kai ya dubi rufi ba.

Dariya ta kusa ƙwace masa.

"Ai ruwa bai sauka ba, Gwaggo."

"Uwarka ta taɓa jiran ruwa? Cikin busasshiyar ƙasa take shuka, ruwa ya zo ya iske ta. Gumba kuma bar mini, ina da gero."

Ita ta sussuke masa irin, ta sheƙe, ta zuba a ƙwaryar Lalla mai ɗinki a gefe.

Bayan la'asar babur na jingine a gindin aduwa, bakin gona. Abarci na sara da sungumi, ya jefa ƙwaya, ya rufe da diddige, ya ƙara gaba. Da ya kai ƙarshen layi sai ya tsaya, ƙwarya a hannu, ya ɗaga kai ya dubi gabas.