Takalman da Dogo Ya Juya

Ƙannena maza biyu ne, Dogo da Auta, ni ce yayarsu. Ni ɗinkin labule nake yi, a wani ɗan shago ƙarƙashin bene, tsakanin mai gyaran waya da kantin magani. Keken ɗinki biyu ne a ciki, da teburin yanka, da kujera ɗaya mai hannu da na saya don masu kawo aiki, amma Dogo ya mayar da ita tasa. Malamin sakandare ne, labarin ƙasa yake koyarwa, kuma jan biro ya shiga jininsa. Duk abin da ya gani sai ya ba shi maki, har shayin da nake dafa masa.

Tun yana saurayi Dogo yake neman abin da masu wannan harka suke kira buɗi, wato ranar da zuciyar mutum za ta washe ya daina kokawa da kansa. Babu malamin da bai leƙa ba, kuma duk wanda ya leƙa, a kujerata yake zuwa ya yi masa hukunci. Akwai Dakta, mai cika zauren otal, da ɗan makirfo maƙale a kunci, yana sa mutane su ja numfashi su riƙe su saki har wasu su fashe da kuka. Dogo ya ce wannan hayaniya ce kawai. Akwai wani matashi mai sanyin murya da ke turo darasi ta waya kullum da safe, mataki-mataki, in ka gama ya turo maka takardar shaida. Dogo ya ce wannan ɗan kasuwa ne. Sai kuma Tsoho.

Tsoho yana zaune a wasu ɗakuna biyu bayan shagon kafinta. Ba ya wa'azi, ba ya ba da littafi. Duk ranar Asabar da hantsi mutane su cika falonsa, maza a gaba, mata a baya kusa da ƙofa, a zauna shiru. Shi yana daga ƙuryar falon, a kan wata kujerar katako, idanunsa sun yi rauni har ba ya gane fuska sai an matso. Wani lokaci ya tambayi mutum ko ya karya, ko yaya ƙafar mahaifiyarsa. Shi ke nan karatun. Ni ma nakan je, don gaskiya awa ɗaya ba ƙarar keke ba kiran waya, magani ce.

Abu ɗaya Tsoho yake da shi. In ya ga mutum ya samu abin da ya zo nema, ba ya faɗa masa. Sai ya raɗa wa mai kula da ƙofa sunansa, shi kuma ya je ya juya takalman mutumin su kalli waje. Duk wanda ya shigo takalmansa suna kallon ciki, saboda haka in an tashi, nan take za a gani. Wanda aka juya wa takalmi ba ya komawa ciki yin sallama, kuma ba ya sake dawowa har abada. Tsoho ba ya maimaita magana, ba ya tambayar ko an yi.

Mai kula da ƙofar nan Dogo ne. Tun kafin a haifi 'yarsa ta fari yake wannan aiki, yanzu tana sakandare. Shi ke shara, shi ke jera takalma, shi ke riƙe hannun Tsoho ya tashe shi. Da hannunsa ya juya takalman mutane da yawa, yana musu murmushi, sannan ya zo shagona ya zauna kamar wanda aka yi wa mutuwa.

Auta kuwa likitan haƙori ne, kuma tun yana zanin goyo abubuwa suke zuwa masa a sauƙaƙe. Karatu bai wahalar da shi ba, mota ya saya kafin mu duka, har gashin kansa bai zube ba. Ban ɓoye ba, ni kaina wani lokaci in na dube shi sai in ji ɗan kishi. Zuwansa wurin Tsoho ma tsautsayi ne. Babur ɗin Dogo ya lalace, Auta ya kai shi a mota, ruwa ya tsuge, ya shiga ya fake. Ya zauna a bayan maza ya yi barci har da minshari. Da Asabar ta zagayo sai ga shi ya dawo.

Na ce masa, "Kai da ko addu'ar cin abinci sai an tuna maka, me kake nema a can?"

Ya yi dariya ya ce, "Yaya Babba, nan ne kaɗai wurin da ba wanda yake buɗe min baki."

Bai shekara ba muka fara ganin canji. Ya daina danna hon a cunkoso. Matarsa ta ce yanzu in tana magana yana ajiye waya. Wata rana wani mai babur ya goge masa gefen mota a ƙofar shagona, na fito da almakashi a hannu a shirye nake, sai na tarar da Auta a durƙushe yana duba gwiwar mutumin. Shi bai ma san ya canza ba. In an faɗa masa sai ya ce tsufa ne.

Wata Asabar da ban je ba, Dogo ya shigo shago da rana tsaka, ko sallama babu. Ya zauna a kujera ya ɗauki wani ƙyallen leshi yana murzawa.

"Tsoho ya raɗa min suna yau," in ji shi.

"Madalla. Wane ne?"

"Auta."

Na cire ƙafa daga kan keke. Na ce, "To, alhamdulillahi. Ka juya?"

"Ban juya ba."

"Dogo!"

"Yaya, minshari fa yake yi! Ni nake share wurin da yake kwanciya. Ni na kawo shi, ni na nuna masa inda zai ajiye takalmin ma. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wane littafi ya karanta? Tambaye shi mene ne buɗi ki ji, wallahi dariya zai yi miki."

Na ji haushinsa, kuma na ji tausayinsa, don zafin da yake ji na san ɗanɗanonsa. Na ce, "Amana aka ba ka. Ba rabonka ka riƙe ba, na ɗan'uwanka ne."

"Zan juya. Asabar mai zuwa. Ki bar ni in huce."

Asabar ta zo ta wuce, takalman Auta suna kallon ciki. Wata Asabar ɗin ma ta zo ta wuce. Abin da Dogo ya shiga yi a tsakani shi ya fi ba ni kunya. Mutumin da ya ce Dakta hayaniya ne, sai ga shi a zauren otal, sahun gaba, yana jan numfashi har jiri ya kwashe shi aka yi masa fifita. Ya zo ya gaya min wai ya ga wani haske. Na ce duk wanda ya riƙe numfashi haka zai ga haske, har da taurari. Ya sauke darasin yaron nan na waya, ya haɗa matakai uku a rana ɗaya kamar ɗalibin da jarrabawa ta ritsa. A shagona yake sa abin sauraro a kunne, ya rufe ido, yana motsa leɓe, masu kawo aiki suna tambayata ko lafiya.

"Ka ce ɗan kasuwa ne," na tuna masa.

"Aƙalla shi yana gaya maka inda ka kai. Dakta ma yana gaya maka. Shi wancan tsohon sai ka tsufa a ƙofarsa bai ce maka ko sannu da ƙoƙari ba."

Abin da yake so shi ne ya samu nasa kafin ya saki na Auta, ko da da kwana ɗaya ne, don a ce babba ya riga ƙarami. Takardar shaidar ta iso wayarsa, da zanen fure a gefe. Ya nuna min, ya dube ta, ya kashe wayar. Ko maki bai ba ta ba.

Na ce masa in bai juya ba ranar Asabar, ni zan gaya wa Auta da bakina. Ya ce ya ji.

Ranar na je da wuri na zauna dab da ƙofa, inda nake ganin baranda. Falo ya cika, fanka tana juyawa, daga shagon kafinta ana jin zarto. Auta yana can gefe ya jingina da bango, fuskarsa sake kamar ta jariri. Can wajen ƙarshen zama Dogo ya tashi a hankali ya fita baranda. Na bi shi da ido. Ya tsuguna gaban takalman Auta, baƙaƙe masu sheƙi, ya ɗora hannu a kansu. Ya daɗe a haka. Sai ya ɗauke hannun, ya matsa gefe, ya kama nasa, tsofaffin sandal masu cinyayyen dunduniya, ya juya su suka kalli titi. Ya dawo ya zauna, bai dubi inda nake ba.

Da aka tashi wata mata ce ta fara gani, ta dafe ƙirji ta ce, "Na Malam Dogo ne!" Nan wuri ya rikice, a hankali dai, irin rikicewar mutanen da suka saba da shiru. Maza suna rungumarsa, wani dattijo yana share hawaye yana cewa mai haƙuri yakan dafa dutse. Ba wanda ya yi mamakin cewa shi ya juya da kansa, ai aikinsa ne, wa zai juya masa? Auta ya ɗaga shi sama cak, duk tsawonsa, yana cewa, "Yayana! Yayana!"

Bakina ya cika da magana. Amma in tsaya a gaban jama'a in tona wa ɗan'uwana asiri, uwa ɗaya uba ɗaya? Na haɗiye. Dogo ya zura ƙafa a sandal ɗinsa. Na ga ya waiga ƙofar falo, inda Tsoho yake zaune a ƙurya yana jiran hannun da zai tashe shi. Ƙa'ida ta hana shi komawa, kuma shi ya fi kowa sanin ƙa'idar. Mutane suka raka shi har bakin titi.

Asabar ta gaba da hantsi sai ga shi a shagona, cikin farar rigar da yake sawa don zuwa can. Ya ce wucewa yake yi. Ya zauna a kujera, ya duba agogo, ya sake dubawa. Na ci gaba da kafa ƙugiyoyi a wani labule mai nauyi. Ban taɓa ganin mutum ya rasa inda zai sa kansa kamar Dogo a wannan safiya ba.

Bayan azahar Auta ya shigo da ledar lemo, fuska a washe. Ya gaishe ni, ya juya wajen Dogo.

"Yaya, yau ni na jera takalma. Ashe aiki ne! Kafin in gama bayana ya riƙe."

Dogo ya ce, "Ya yi maganata?"

"Ya yi. Da na je tashe shi ya shafa hannuna ya ce wannan ba hannun Dogo ba ne. Na ce masa ai an juya maka takalmi wancan makon. Ya ce wane ne ni, na ce Auta ne. Ya ce, 'Kai kana nan ashe.' Sai ya ce in kai shi ciki, ya gaji." Auta ya yi dariya. "Ina ga kewarka yake yi. Har ƙofar ɗaki yana cewa hannunka ya fi nawa sanin inda ke masa ciwo."

Dogo ya sunkuyar da kai. Ni kuma allura ta soke ni, na sa yatsa a baki.

Auta ya ajiye ledar a teburin yanka. Ya dubi ƙasan shagon, duk zare da guntayen yadi, ya tattara wandonsa mai tsada, ya zauna dirshan a gaban kujerar, dab da ƙafafun Dogo.

"Tashi mana, za ka ɓata kayanka," in ji Dogo.

"Bar su. Yaya, ni fa ban san komai ba, kai ma ka sani. Zuwa kawai nake yi in zauna. Wallahi ranar nan da na ga takalmanka, murna ta cika ni, amma da na koma gida sai na ji ina ma ni ne. Ban taɓa jin kishin kowa ba sai ranar." Ya ɗaga kai yana dubansa. "Tsoho ba ya magana. Kai kuwa ɗan'uwana ne. Don Allah gaya min, yaya abin yake?"

Dogo ya dube ni. Na mayar da idona kan labule. Ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa, babu abin da ya fito sai hawaye da suka gangaro masa har gemu.

Auta ya gyaɗa kai a hankali, cike da girmamawa. Ya ce, "Na gane, Yaya. Ba ya faɗuwa. Zan riƙa zuwa in zauna kusa da kai kawai."