Hannun da Aka Wanke

Kwana uku kafinta ya yi yana shirin zuwa walimar 'yarsa, wadda ta cika shekara bakwai. Tun da aurensu ya mutu yarinyar take wajen uwarta, shi kuwa sau ɗaya a wata yake ganinta, ya taso daga shago kai tsaye da garin katako har cikin gira. Uwar ta sha yi masa gori a kan wannan warin tun suna tare. Don haka ranar walimar ya dirje hannuwansa da soso har suka yi ja, ya kankare gam daga farce, ya shafa mai, sannan ya yi wanka da turaren da maƙwabcinsa tela ya ara masa. Ba ya so ya ba 'yarsa kunya a gaban mutane.

Falon ya cika da yara da manya. Aka nuna masa kujerar roba kusa da ƙofa, inda ake tara takalma. Kowa ya gaishe shi da ladabi, ba wanda ya zauna kusa da shi.

Ƙanwar uwar, wadda bakinta ba ya hutawa, ita ta kawo wasan. A ɗaure maka ido da gyale, a miƙo maka abu, ka taɓa ko ka shinshina, ka faɗi sunansa. Kawun yarinyar ya shafa soson ƙarfe ya rantse bushiya ce, yara suka yi ta birgima don dariya.

"To, yanzu mai walima!" in ji ƙanwar uwar. "Ke ba kaya za mu ba ki ba, hannuwan mutane za mu ba ki. Kada wanda ya yi ko tari."

Aka ɗaure mata ido, manya suka yi layi. Kafinta ya tsaya daga ƙarshe, gabansa na faɗuwa. Abu ɗaya yake so a ranar: ta gane shi a gaban kowa.

Ta gane kakarta da man zafi. Ta gane kawu da agogo. Hannun sabon mijin uwarta kuwa, ko shinshinawa ba ta yi ba ta ce, "Abba ne!" Aka yi tafi. Kafinta ma ya tafa.

Sai aka zo kansa. Ta juya tafinsa, ta lalubi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta kai hanci, ta daɗe.

"Wannan baƙo ne," in ji ta.

"Sake dai, 'yar gidana," in ji ƙanwar uwar, dariyarta ta ɗan rage.

"Wallahi, Anti, ban san shi ba."

Da aka kwance gyalen ta dube shi, idonta ya cika da ƙwalla, kamar ita aka yi wa laifi.

"Baba, ai ba haka kake ba. Ina ƙanshin katakon? Shi nake ta jira tun farkon layi."

Kafin ya samo magana an kira yara yankan kek, aka ja ta aka tafi.

Bai jira rabonsa ba. Ya koma shago da sauran rana, ya buɗe ƙofa, ya zauna kan benci da sabbin kayansa. Ba aikin da ke jiransa. Ya jawo buhun garin katako, ya tura hannuwansa ciki har wuyan hannu, ya bar su a nan. Sauran wata guda ya sake ganinta.