Kubar da Ta Ƙi Kulluwa a Biafra

Ran da Zalihatu ta fita takaba ta yi wanka tun da hantsi, ta ɗaura sabon zane, ta rataya jaka za ta unguwar Williamsville wajen yayarta Adawiyya, wadda jinya ta kayar tun kafin rasuwar Kailu, mijin Zalihatu. Sau biyu ana bugo waya a makon nan, ana cewa in za ta zo ta zo da wuri. Ta ja ƙofa, ta murɗa makulli, makulli ya yi rabin zagaye ya cije.

Wata huɗu da kwana goma ba a kulle ɗakin ba, tunda tana ciki. Kuma mai hankali ba ya barin ɗaki a buɗe a gidan haya na unguwar Biafra, inda ɗaki goma sha huɗu ke shiga ta ƙofa ɗaya.

Hussaina maƙwabciyarta ta taso da cokalin manja. "Tsatsa ce, Tanti. Iskar ruwan gishirin lagun ce ke cin ƙarfe, kowa ya sani."

Kowa ya sani! Shekara sittin da biyu Zalihatu tana jin wannan magana, yawanci daga bakin wanda bai duba ba. Amma ta gaji, ta bari aka ɗura. Manja ya gangaro jikin katako, makulli na nan inda yake.

Aka kira Abdurrashid kafinta daga unguwar Belleville. Sai bayan azahar ya iso, ko sunkuyawa bai yi ba ya yanke hukunci.

"Yako, sannu Tanti, kubar nan ta mutu. Gobe in shiga kasuwar Adjamé in samo sabuwa."

"Goben wa? Kai ka riƙe ran Adawiyya zuwa goben? Buɗe ƙofar ka murɗa mu gani."

Ya murɗa, ƙofa a buɗe. Harshen kuba ya fito sumul, ya koma sumul.

"To ga matacciya tana motsi," in ji ta.

Ta shiga ta ɗauko tandun kwallin da ba ta taɓa ba tun rasuwa, ta shafa a bakin harshen, ta rufe, ta murɗa da ƙarfi, ta buɗe. Baƙin ya zauna a ƙasan ramin da harshen ke shiga, da kamar faɗin farce. Ashe ƙofar ce ta sunkuya.

Abdurrashid ya leƙa bayan ƙofar. Manyan riguna shida na marigayi ne a rataye jikin ƙusa uku, shadda mai nauyin sitati, da jakarsa ta fata cike da littattafai. Ita ta kwaso su daga akwati a makon farko, don in ta kwanta ta riƙa ganinsu. Nauyinsu ya yi ta jan ƙarfen sama da ke riƙe da ƙofar har ƙusoshinsa suka saki.

"Zan iya ɗaurewa," ya ce a hankali, "amma in suka koma nan, sai ta sake sauka."

"Na ji. Ba kurma ba ce ni."

Ta sauke su ɗaya bayan ɗaya, ba ta yarda Hussaina ta taya ta ba. Ta ninke ta ɗora bisa gado, ta zauna kusa da su, gwiwoyinta na zafi. A bakin ƙofa Abdurrashid ya cusa tsinken ashana a ramukan ƙusoshin da suka buɗe, ya ɗaga ƙofar da kafaɗa, ya ɗaure ƙusoshin da turnabis, wato sukudireba.

"Gwada, Tanti."

Ta miƙe da ƙyar, ta fito, ta ja. Makulli ya zagaya sau biyu, ƙas, ƙas.

La'asar ta riga ta yi, kuma a wannan lokaci gadar da ake haye lagun cunkushe take. Hussaina ta ce ta bari sai da safe mana. Zalihatu ta ƙulle makullin a bakin zane, ta fita neman tasin woro-woro.