Kunnuwan Gidan Jaki

"Ki tsinke mini zaitun ɗin da ke bayan gidan nan, ni kuma in gaya miki wanne Ante ne naki," in ji Kawu Frane, tsohon da ciwo ya kwantar, daga kan gado.

Marisol ta miƙa masa hannu, ciniki ya faɗa. Tun daga Chile ta taso neman asalin kakan babanta, mai suna Ante, wanda ya bar tsibirin nan yana saurayi. Fada, limamin cocin garin, ya buɗe mata littafin baftisma, sai ga Ante har bakwai, sunan danginsu ɗaya, kusan duk sa'o'in juna. A garin nan da laƙabin gida ake gane mutum, coci kuwa ba ya rubuta laƙabi.

Luce, maƙwabciyar da ke kawo wa tsohon romon kifi, tana bakin ƙofa. Kallo ɗaya ta yi wa baƙuwar ta san 'yar Gidan Jaki ce. Irin kunnuwan 'yan gidan ba sa ɓuya.

Da yarinyar ta fita da kwando, Luce ta dire kwanon.

"Tsohon banza, me kake ƙullawa?"

"Romon nan ba gishiri."

"Likita ya hana. Tambayarka nake."

Ya juya fuska bango. "Ni na rage a Gidan Ƙugiya, Luce. Wa zai bi bayan akwatin gawata? Ke? Ki tsaya a gurbin dangi mutane su ce dama can akwai wata a ƙasa?"

"Ko a mafarki," in ji ta. Ta gyara masa bargo.

Zaitun ya ƙare, Frane bai faɗi sunan ba. Yau ya ce kansa na ciwo, gobe ya ce sai an kai zaitun ɗin wurin matse mai. Marisol ta koyi juya shi a gado, ta koyi zaginsa da harshen garin. Ran da numfashinsa ya fara sarƙewa ya kamo hannunta.

"Na huɗun ne a littafin. Ƙanin kakana. Ke tamu ce."

Ta ɗago da hawaye ta dubi Luce. "Inna, haka ne?"

Luce ta ɗauki kwanon romo. "Shi ya fi ni sani."

Kafin la'asar ya cika.

To, in lissafi za a yi, Frane ya samu mai bin akwatinsa. Marisol ta samu kabarin da za ta kunna wa fitila, da tsohon da ta yi jinya da hannunta. Gidan Jaki suka yi asarar 'ya, ba su ma san sun yi ba, suna can layin baya suna gulmar tsadar akwatin.

Kafin a fito da gawar, Luce ta ciro baƙin ɗankwalinta ta ɗaura wa yarinyar. Ta ja shi ƙasa sosai, har ya rufe kunnuwan.