Rubutun da Sifirit Ya Wanke

Gizo-gizon bai kai ƙwayar shinkafa ba, fari fat, ƙafafu zara-zara. Dakta ta kifa ido a madubin bincike tana neman idanunsa, ba su ba dalilinsu. Shekara goma sha tara tana rarrafe cikin kogunan tsauni, ba ta taɓa cin karo da irinsa ba, littattafan ofishinta ma ba su san da zamansa ba. Yaya yake gane abinci? Tun yaushe kakanninsa suka yi sallama da rana?

To, a wane kogo ta kamo shi? Bakwai ta shiga, kuma wata mai zuwa masu fasa dutse za su sa wa tsaunin nakiya. Hukuma ta ce kogo ɗaya za a bar mata, in ta nuna dalili.

Ta ɗaga kwalbar da ta ciro shi daga ciki don ta karanta 'yar takardar da ke ciki. Takarda wayam, sifirit ɗin da ke hana gizon ruɓewa ya koma shuɗi. Kwalaben sauran kogunan shida ma haka.

Kowa a wannan aiki ya san da fensir ake rubuta takardar kwalba, don sifirit yana wanke tawada. Baba, mahaifinta, bai sani ba. Tsohon hedimasta ne, mutumin da a zamaninsa ake kawo wa takardun shaida daga nesa saboda kyan rubutu. Kwana biyu kwalaben suka yi a teburin falo.

Ta buga masa waya ranta a ɓace.

"Baba, kun taɓa mini kwalabe?"

"Wannan tonon kajin naki na gyara, Uwata. Ɗaya bayan ɗaya, ban gauraya ba."

"Nawa fa?"

"Suna cikin shara."

Ta kashe wayar kafin bakinta ya jawo mata zunubi. Can sai ta tuna ƙorafin marigayiya mahaifiyarta, wai Baba yana danna biro kamar mai huɗa. Ta zaro takardar da hantsaki, ta shanya ta ƙarƙashin madubin, ta karkato fitila daga gefe.

Ga sawun biro nan kuwa, kwari-kwari. Kogo na biyar.

Ta yi ajiyar zuciya, amma ba ta ɗago ba. Layukan duk a karkace suke, suna rawa. Kowane harafi an bi shi sau biyu, wani sau uku, har ya tsaya da ƙafarsa. Gida ɗaya suke kwana, ba ta taɓa lura hannunsa ya soma karkarwa ba. Kunya ta kama ta, da tausayi.

Da la'asar ta dire masa fensir dozin da takardu a gabansa.

"Kwalba ɗari biyu ke jira a ofis, Baba."

Ya ɓoye hannun dama cikin aljihu.

"Zan daɗe fa."

"Ba sauri nake ba," in ji ta, ta jawo kujera kusa da shi ta soma fiƙe fensir.