Labulen da Tela Ta Zo da Shi

Tela na riƙe da ƙarfen gado tana jiran ciwon ya lafa, yayarta kuma ta taka kujera tana zura zobba a sandar labule. Sandar dai tana nan a saman kowane gado na ɗakin haihuwar, ta yi tsatsa, ƙudaje sun mai da ita wurin hutawa. Labulen ne babu. A haihuwarta ta fari ma haka ta tarar, aka ce mata an kai wanki. Yarinyar da ta haifa a lokacin har ta shiga makaranta, labule bai dawo daga wanki ba.

Ba ta manta ranar ba. Likita ya shigo da zugar ɗalibai cikin fararen riguna, ya yaye mata zane ko sannu babu, yana yi musu bayani kamar mai tallan akuya. Suka bi layi kowa na sa hannu a jikinta. Da ta buɗe baki, aka ce ai nan asibitin koyarwa ne. Ɗaya daga cikinsu cingam yake tauna, kuma har yau in ta ji ƙarar cingam sai ranar ta dawo mata. Shi ya sa wannan karon, da ta zo awo, ta auna sandar da ido, ta koma shago ta ɗinka labule da koren yadi mai kauri, ta sa shi a jaka tun kafin kayan jariri.

Ƙwas-ƙwas ɗin takalmi ya sanar da zuwan Babbar Sista, matar da ta tsufa a aikin ba ta taɓa riƙe sunan mai naƙuda ba, sai lambar gado. Ta tsaya ta kama ƙugu, ta tambaya ko otal aka buɗe ba a gaya mata ba.

"Sanda taku ce, Sista," in ji Tela tana haki. "Yadi nawa ne, jikin ma nawa."

Sista ta shafa yadin da yatsu biyu, ta ɗan daɗe tana shafawa, sannan ta taɓe baki ta wuce.

Da hantsi takalma suka taru a ƙasan labulen, Tela na ganinsu daga inda take kwance. Yaya ta tare ƙofar da faɗin jikinta. Mai sayar da kifi ce a kasuwa, ba ta san magana a hankali ba, amma ranar gadi kawai ta yi. Tela ce ta yi magana daga ciki: likita ya shigo, ungozoma ta shigo, wanda kuma yake son koyo a jikinta ya tambaye ta tukuna. Likita ya yi tsaki, ya ce matan yanzu da sun riƙe waya sai su ɗauka sun yi karatun likita. Can wata ɗaliba ta matso, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Anti, ko zan iya?" Tela ta ce ta shigo. Sauran duk da iliminsu ba wanda ya iya haɗa wannan 'yar tambayar, sai suka ja ƙafa zuwa gado na gaba.

A gadon akwai wata yarinya mai cikin fari, wadda ungozomomi ke kira Amarya. Tela ta ji an yaye zane, ta ji yarinyar na cewa don Allah, don Allah, ta ji wani ya ce ta daina ɓata musu lokaci. Ta cije leɓe, ba don nata ciwon ba.

Kafin azahar Tela ta haifi namiji. Da za a mai da ita ɗakin hutu, ta sa Yaya ta cire labulen ta rataya wa Amarya, wadda har lokacin naƙudarta ba ta yi nisa ba. Ta ce wa yarinyar ta riƙe bakin labulen da kyau, likita zai sake zagayowa da yamma.

Da la'asar aka sallame ta. Tana tafe a hankali, jariri a ƙirji, sai ta leƙa ɗakin haihuwar don yi wa yarinyar sallama. Amarya na kwance a fili tana murƙususu, tana jan guntun zane kan gwiwoyinta. Sandar da ke samanta ta koma wa ƙudaje.

Ba a sha wahalar nema ba. Labulen na rataye a tagar ofishin Babbar Sista, ya yi wata koriyar inuwa mai sanyi, ita kuma ta miƙe ƙafa a kan kujera tana shan shayi, rana ba ta dukan fuskarta. Ba ta ko sauke ƙafar ba ta bayyana musu cewa doka ta hana rataya kayan waje a ɗakin haihuwa, saboda ƙwayoyin cuta. Yaya ta ce ashe ƙwayoyin ma sun san manya, ba sa shiga ofis. Ta taka kujerar baƙi da takalmanta na kasuwa, ta shiga zare zobba ɗaya bayan ɗaya, rana na dawowa kan teburin kaɗan-kaɗan.

Sista ta miƙe, ta ce ko sun san da wa suke magana.

Tela ta gyara wa jaririnta hula, ta dubi furfurar da ta leƙo ta ƙasan hular matar.

"Na masu naƙuda ne, Sista. In taki naƙudar ta tashi, ki aiko."

Suka fito, Yaya da labule a kafaɗa. Daga can ƙarshen baranda an fara jin takalman zagayen yamma. Tela ta ce wa yayarta ta yi gaba da sauri, kada ta jira ta.