Kakin da Ƙaya Ba Ta Hudawa

Ranar da dattawan unguwar Tirwun suka ce 'yan sintirin unguwa su ɗinka kaki irin na soja, abinci ƙin shiga cikin Hammawa ya yi don murna. Shi ne kwamandansu. Tun yana yaro yake son aikin soja, amma duk zuwan da ya yi wurin ɗauka sai a auna shi a ce bai kai tsawo ba. Yanzu ga kaki ya biyo shi har gida, kuma an ce da an gama ɗinki za a yi fareti a filin unguwa, gaban mai unguwa da jama'a.

Faretin nan shi ya fi tsaya masa a rai, saboda mahaifinsa. Malam Bakari yana can ruga bayan Miri da shanunsa, kuma tun da Hammawa ya ajiye sanda ya shigo gari, tsohon bai taɓa tambayarsa me yake yi ba. A wurinsa duk abin da ba kiwo ba zaman banza ne. Hammawa so yake, ko sau ɗaya ne, tsohon ya gan shi a gaba maza suna binsa.

Da safe, ana tsakiyar sanyi, ya hau keke sai kasuwar Wunti, rumfar Mansir mai yadi. Mansir ya zazzago masa kaya a kan benci.

"Kwamanda, kaki ba ɗaya ba ne. Wannan auduga ce zalla, ba nauyi, yana shan gumi, shi ne na bazara. Wannan kuma akwai roba a ciki, ruwan damina ya dake ka, kafin ka isa gida ya bushe. Mai kaurin nan na sanyi ne. Ni da za ka ji tawa, ka ɗauki audugar, in sanyi ya yi su ɗora rigar sanyi."

Hammawa ya matso kusa da bencin. Ya cire hularsa, ya zaro ƙayar aduwa da ya soke a ciki. A ruga haka ake gwada yadi, don tufar da ƙaya ta huda ba ta kai wata guda a jikin makiyayi. Ya soka wa na bazara, ƙaya ta wuce. Na damina ma haka. Na sanyin ya ɗan yi gardama, shi ma ya sallama. Sai idonsa ya faɗa kan wani dunƙulen yadi kore shar a ƙarƙashin benci. Ya jawo shi ya soka, ƙaya ta karye.

"Wannan nake so," in ji shi, bakinsa har kunne.

"Haba Kwamanda, wannan masu rufin keke mai ƙafa uku nake sayar wa. Ba na jikin mutum ba ne."

"Soja ai ba kamar kowa ba ne, Malam Mansir. Yanka."

Elias tela ya ga abin da bai taɓa gani ba. Allura ta karye, ya sa wata, ita ma ta bi 'yar'uwarta, har ya koma sayen irin ta masu ɗinkin takalmi. Amma fa da wandon farko ya fito, aka tsayar da shi a ƙasa, sai ya tsaya da kansa ba kowa a ciki. Hammawa ya kewaya shi yana tafa hannu. Yaransa na sintiri ma sai yabo suke, domin a sanyin nan duk wanda ya sa kayan ya ji ɗumi har ƙashi, ga aljihuna manya a cinya, ga kafaɗa a miƙe. Andrawus, ƙaton manomin da ya fi kowa tsawo a cikinsu, ya ce shi ko gona da shi zai riƙa zuwa.

Sai dai ɗinkin ya ja lokaci, mai unguwa kuma ya yi tafiya, aka ɗaga rana, aka sake ɗagawa. Kafin a ankara sanyi ya tattara ya tafi, bazara ta sauka da ƙarfinta. Hammawa bai ko lura ba. Shi dai ya aika ruga cewa ana gayyatar Baba, kuma saƙo ya dawo cewa zai zo.

Ranar faretin fili ya cika maƙil. Ganga na tashi, mata na guɗa, masu sayar da ruwan sanyi sai ciniki suke. Can gefen rumfar manyan baƙi Hammawa ya hango malafar mahaifinsa. Aka ja jawabai har rana ta take, su kuwa suna jere a tsaye cikin kakinsu. Da aka ba su dama ya ɗaga murya ya ba da umarni, ƙafafu suka daki ƙasa tare, jama'a suka ɗauki tafi. Daɗin da ya ji a lokacin bai taɓa jin irinsa ba.

Saura kaɗan su iso gaban rumfa ya ji takun baya ya canza. Kunnen da ya tashi cikin garke ba ya rasa gane wannan. Ya san ƙa'ida, kwamanda ba ya waiwaye. Ya waiwaya. Andrawus yana tangaɗi, idonsa ya juye, na kusa da shi ma bakinsa a buɗe yake, gumi ya rasa hanyar fita duk ya taru a takalma. Taku kaɗan ya rage ya sara wa mai unguwa a gaban Baba.

"A tsaya," in ji shi. "Kowa ya tuɓe riga. Ku biyo ni."

Ya sa kafaɗa ya tallabi Andrawus, wanda ya kusa ninka shi, ya juya da su zuwa gindin darbejiya, maza daga su sai singileti. Fili ya kaure da dariya. Mata suka sheƙo da ruwa ana zuba musu a ka. Hammawa ya tsuguna yana yi wa Andrawus fifita da hularsa, kunya ta hana shi ɗaga kai, ransa ya ɓaci matuƙa.

Bai ga tahowarsu ba sai da inuwar malafa ta faɗo kusa da shi. Malam Bakari ne da mai unguwa. Tsohon bai dube shi ba, kuma bai kira sunansa ba, don ɗan fari ne. Ya juya ga mai unguwa ya yi masa magana, amma da muryar da ta isa har gindin bishiyar.

"Ranka ya daɗe, gajeren nan bai iya zaɓen yadi ba. Amma ya san lokacin da ake juya garke zuwa inuwa. Nawa ne."

Hammawa ya ci gaba da fifita, hawaye na gangarowa cikin gumi, ya ƙi sharewa.